Wane fetur ya dace da akori-kura: mai babbar lamba ko mai ƙarama?

Tambaya: Malam, na sayi akori-kura mai injin fetur. Ina ɗaukar kaya da ita, wani lokaci kuma ina jan ƙaramar tirela. A gidan mai nakan ga famfo uku, kowanne da lambarsa da kuɗinsa. Wani abokina ya ce tunda motar aiki ce, in riƙa zuba mata mai babbar lamba domin ya fi ƙarfi, ya fi tsafta, kuma inji zai fi daɗewa. Gaskiya ne, ko asarar kuɗi zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, abokinka ya faɗi abin da mutane da yawa suka ɗauka, amma lambar nan ba ma'aunin ƙarfi ba ce, ba kuma ta tsafta ba. Ana kiranta lambar okten, kuma abu ɗaya tak take faɗa maka: yawan matsi da zafin da fetur zai iya jurewa kafin ya kama da wuta da kansa. Zafin da lita ɗaya ke bayarwa idan ta ƙone kusan ɗaya ne, ko daga famfon farko ta fito ko daga na uku. Saboda haka mai yanke hukunci a nan injin motarka ne, ba girman bodinta ko nauyin kayan da ke bayanta ba, ko da yake kaya suna da nasu tasirin, zan zo kansu.

Bari mu leƙa cikin silinda tukuna, don in ka gane abin da ke faruwa a can sauran maganar duk mai sauƙi ce. Fistin yana sauka ya zuƙo iska da fetur, sannan ya hau ya matse su. Idan aka ce matsin inji 10 ne a kan 1, ana nufin abin da ya cika silinda an danne shi zuwa kashi ɗaya cikin goma na wurin da yake ciki da farko. Duk iskar da aka matse haka sai ta yi zafi. Dab da fistin zai kai ƙarshen hawansa fulogi ya ba da tartsatsi, wuta ta tashi daga bakinsa ta bazu zuwa gefe-gefe, kamar yadda wuta ke cin busasshiyar ciyawa daga inda aka kunna ta. Wannan ita ce ƙonewa mai kyau, tana tura fistin ƙasa da turi, ba da duka ba.

Matsalar tana can gefen silinda, inda wutar ba ta riga ta isa ba. Cakuɗin da ke wurin yana shan matsi biyu, na fistin da na wutar da ke tahowa. In fetur ɗin ba mai juriya ba ne, sai ya fashe da kansa tun wutar ba ta iso ba. Wannan fashewar ce ke dukan kan fistin da bangon silinda, kai kuma a kujerar direba ka ji wata siririyar ƙara, kas-kas-kas, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana girgizawa. Ita nake kira ƙwanƙwasar inji. Kada a haɗa ta da abin da muke nufi in mun ce inji ya buga, wato ya lalace saboda rashin baƙin mai ko tsananin zafi. Wancan mutuwa ce, wannan kuwa ciwo ne, amma ciwon da in ya yi tsanani aka bar shi yakan fasa gefen fistin inda zobba ke zama, ya ƙona gaskit, ya cinye kan fulogi.

Lambar kanta ta samo asali ne daga wani gwaji. A shekarun 1920 wani masanin sinadarai ɗan Amurka, Graham Edgar, ya kawo shawarar a riƙa auna fetur da sinadarai biyu. Ɗaya shi ne aiso-okten, mai tsananin juriya, aka ba shi 100. Ɗayan kuma heften, wanda da an matse shi yake fashewa, aka ba shi sifiri. Ana zuba fetur a wani injin gwaji mai silinda ɗaya wanda ake iya ƙara masa matsi ko a rage, har ya fara ƙwanƙwasa. In ya yi daidai da cakuɗin kashi 91 na aiso-okten da kashi 9 na heften, lambarsa 91 ke nan. Ka ga babu inda aka auna ƙarfi ko tsafta a ciki.

To ga inda mutane suka fi ruɗewa, kuma a nan nake so ka tsaya sosai. Gwajin iri biyu ne. Akwai RON, wanda ake yi injin yana juyi 600 a minti cikin yanayi mai sauƙi. Akwai MON, wanda ake yi a juyi 900 da cakuɗin da aka ɗumama, don haka lambarsa kullum ta fi ƙasa, galibi da 8 zuwa 10. Yawancin ƙasashen duniya, har da Turai da Japan da Ostareliya, RON suke rubutawa a jikin famfo, shi ya sa a Turai za ka ga 95 da 98. Amurka da Kanada kuwa suna haɗa RON da MON su raba biyu, su rubuta abin da ya fito. Suna kiransa AKI, a jikin famfo kuma za ka ga (R+M)/2 da ƙananan haruffa kusa da 87 ko 89 ko 91 ko 93. Ma'ana, fetur ɗaya yana iya ɗaukar lamba biyu. Na 87 a ma'aunin Amurka shi ne wajen 91 ko 92 a RON, na 91 wajen 95, na 93 kuma wajen 98.

Me ya sa wannan ya shafe ka? Domin akori-kura tana yawo ƙasa-ƙasa, littafinta kuma yana magana da ma'aunin kasuwar da aka ƙera ta dominta. In taka ta Amurka ce, littafin ya ce 87, ka je famfon da aka rubuta 91 RON, to daidai ka zuba, ba ka yi mata wata alfarma ba. Haɗarin yana ɗaya gefen: littafin Amurka ya ce 91, ka ga 91 a famfon RON ka ce ai shi ne, alhali ka ba ta abin da ya gaza bukatarta da lamba huɗu. Na sha ganin wannan kuskuren, kuma mai motar yakan rantse cewa abin da littafi ya ce ya bi.

Don haka abu na farko, buɗe murfin tanki ka duba bayansa, motoci da yawa suna da ƴar takarda a manne a wurin. In babu, nemi littafin motar, na shekararta da irin injinta, ba na mai kama da ita ba. In ya ɓata, kamfanoni da yawa suna ajiye shi a intanet. Ka duba lambar, ka duba haruffan da ke gefenta, sannan ka karanta jimlar da kyau, don yadda aka faɗi maganar ya fi lambar muhimmanci. Iri uku za ka tarar.

Wani littafin zai ba ka ƙaramar lamba ya yi shiru. Mafi yawan akori-kura masu injin da ba shi da turbo, wato na'urar da ke tura ƙarin iska cikin inji, a nan suke, misali Toyota Hilux mai injin fetur na lita 2.7, wanda 91 RON ya ishe shi. Irin wannan injin an tsara lokacin tartsatsinsa a kan wannan fetur, kuma ba shi da inda zai kai ƙarin juriyar da ka saya masa. A 2016 ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada motocin da aka ƙera don ƙaramar lamba, ta zuba musu babba, ba ta ga wani ƙarin ƙarfi ko ragin shan mai ko tsaftar hayaƙi da za a kafa hujja da shi ba. Kamar ka saya wa yaro takalmin babba ne, ba zai sa ya fi gudu ba.

Wani littafin kuma zai ce babbar lamba dole ce. Nan babu ciniki. Injin mai matsi ne sosai ko mai turbo da aka ɗaure don fitar da ƙarfi, kuma in ka saba ba shi ƙasa da abin da aka gindaya, in ya lalace kamfani yana iya ƙin ɗaukar nauyin gyara ko da garanti bai ƙare ba. In tafiya ta kama ka inda babu, zuba abin da zai kai ka gaba kawai, ka tafi a hankali, kada ka take totur, in ka samu mai kyau ka cika a kai.

Na ukun shi ne mai daɗin tattaunawa, kuma manyan akori-kura na zamani da yawa suna cikinsa: littafin zai ce ƙaramar lamba ta wadatar, amma an fi son babba. Ford F-150 mai injin EcoBoost yana karɓar 87 a ma'aunin Amurka, sai dai littafinsa ya ce 91 ko sama ya fi ba da cikakken aiki, kuma an fi ganin bambancin lokacin zafi ko lokacin jan tirela. Ram 1500 mai injin Hemi na lita 5.7 an fi so a ba shi 89, amma 87 ma ya halatta. Abin da ya ba su wannan sassauci wata ƴar na'ura ce da ake ɗaurawa a jikin inji, aikinta sauraron ƙwanƙwasa. Da ta ji alamarta sai ta sanar da kwamfutar mota, ita kuma ta jinkirta tartsatsin fulogi kaɗan, a mai turbo har ta rage iskar da ake turawa. Ƙarar ta ɓace tun kunnenka bai ji ba. Amma ba kyauta aka yi maka ba: tartsatsin da ya makara yana rage ƙarfi, ya ƙara shan mai, ya kuma tura zafi mai yawa zuwa salansa. Ita dai AAA ta sake gwaji a 2017 a kan irin waɗannan motocin, ta samu matsakaicin ragin shan mai na kashi 2.7 cikin ɗari da ƙarin ƙarfi na kashi 1.4 in an zuba babbar lamba. Akwai amfani, amma ɗan kaɗan ne, kuma sau da yawa bai kai bambancin kuɗin ba.

Yanzu ga maganar kaya, inda abokinka yake da ƴar gaskiya. Inji ba ya ƙwanƙwasa yana tafiya wayam a shimfiɗaɗɗen titi, totur a ɗan buɗe. Yana yi ne in silinda ta cika maƙil da iska, inji ya ɗau zafi, juyinsa kuma yana ƙasa. Ka kwatanta da ranar da ka loda mota har bayanta ya zauna, ga tirela, ga rana ta take, ga hawa mai tsawo, kai kuma kana babbar giya ka danne totur. Duk sharuɗɗan sun haɗu a lokaci guda. Ƙaramar mota takan shiga wannan hali na ƴan daƙiƙu in za ta wuce wata, akori-kura mai jan kaya kuwa tana iya shafe minti goma a ciki. Shi ya sa in motarka tana rukuni na uku, abin da nake ba da shawara shi ne ka zuba ƙaramar lamba a zirga-zirgar yau da kullum, ranar babban lodi ko doguwar tafiya da tirela ka zuba babba. Ka yi hakan lokacin da tankin ya kusa ƙarewa, don fetur biyu in sun haɗu lambarsu tsakiya take komawa: rabin tanki na 91 da rabi na 95 zai ba ka wajen 93. Haɗa su ba ya cutar da komai.

In kuwa tana rukunin farko, kaya ba su canza hukuncin ba, injiniyoyin da suka rubuta lambar sun san motar kaya suka ƙera. Abin da zai fi taimakonta a hawa shi ne ka sauko da giya. Injin da ke juyi da sauri a ƙaramar giya ya fi samun sauƙi a kan wanda ke gurnani a babba. In mai canza giya da kanta ce kuma tana da maɓallin jan kaya, danna shi, aikinsa ke nan. Wannan ya fi muhimmanci a injunan turbo masu fesa fetur kai tsaye cikin silinda, domin suna da wata cuta tasu: wuta takan tashi tun kafin fulogi ya ba da tartsatsi, a ƙaramin juyi da babban lodi, kuma bugu ɗaya yana iya fasa fistin. An gano cewa irin baƙin man da ke cikin inji yana da hannu a ciki, shi ya sa ma'aunin baƙin mai na API SP da ya fito a 2020 ya haɗa da gwajin kariya daga wannan. Mai irin wannan injin ya kula da galan ɗin baƙin mai kamar yadda yake kula da famfo.

Wani abu da nake yawan gani shi ne a mai da babbar lamba magani. An taɓa kawo mini wata akori-kura mai turbo, mai ita ya ce in ya yi lodi ba ta da kuzari a hawa, ya koma zuba mafi tsada, ta ɗan farfaɗo, bayan wata biyu ta koma gidan jiya. Na haɗa na'urar bincike muka hau hanya, ina kallon allo yana tuƙi. Da ya taka totur sai na ga kwamfuta tana ja da tartsatsi baya, zafin iskar da ke shiga inji kuma ya wuce misali. Muka dawo na haska tocila ta gaba: tsakanin lagireto da na'urar sanyaya iskar turbo an yi wani abu kamar bargo, laka da ƙwari da ganye sun toshe ramukan. Muka wanke, muka canza fulogan da suka wuce lokacinsu, motar ta koma shan ƙaramar lamba lafiya lau. Wata biyu an bar jaki ana dukan taiki. Wani kuma ya zo da tabbacin injinsa na ƙwanƙwasa, ashe farantin da ke kare zafin salansa ne ƙusarsa ta kwance yake kaɗawa.

Don haka in motar da ta saba lafiya da lambarta ta fara ƙara, ruwa ba ya tsami banza. A duba ruwan lagireto da fanka, a duba ko fulogan irin nata ne, a duba ko fetur yana isa yadda ya kamata, don cakuɗin da iska ta yi masa yawa yana ƙara zafi. A tsohuwar mota mai kafireto da distiributa, wadda ba ta da na'urar sauraro, a duba saitin wuta, sau da yawa bakanike ne ya matsar da shi gaba don mota ta yi zafin nama. Akwai kuma tsufa: baƙin dattin da ke taruwa a kan fistin yana rage wurin ƙonewa ya kuma riƙe zafi, har injin da ya yi tafiya mai yawa ya fara neman lamba ɗaya ko biyu sama da ta ƙuruciyarsa. A nan hawa mataki ɗaya ba laifi ba ne. Ƴar ƙara ta daƙiƙa ɗaya in ka taka totur farat ɗaya ba abin tashin hankali ba ce, wadda ke ci gaba muddin ƙafarka na kan totur ita ce abin gudu.

Batun tsafta kuwa, sinadaran wanke inji da ake zubawa a fetur daban suke da okten. Wasu kamfanonin sukan ƙara yawansu a mai tsadar don talla, amma ba lambar ce ke wankewa ba. Tsarin Top Tier da wasu kamfanonin motoci suka kafa a 2004 ya ma shardanta cewa gidan man da ke ɗauke da tambarinsa ya sa sinadaran a dukkan famfunansa, ba a mai tsada kaɗai ba. Ni a wurina, gidan mai da ake yawan ciniki, wanda fetur ba ya kwana a tankinsa kuma ba a garwaya shi da komai, ya fi babbar lamba a wurin da ba ka yarda da shi ba. Fetur da aka surka da kananzir ko dizal lambarsa faɗuwa take yi warwas, komai aka rubuta a famfo.

Ƴan kwalaben nan da ake sayarwa da sunan ƙara okten, kada ka dogara da su. Da yawa in sun ce suna ƙara maki uku, kashi uku cikin goma na lamba ɗaya suke nufi, wato 91 ya zama 91.3. Masu aiki sosai kuma galibi suna ɗauke da sinadarin ƙarfe irin su manganis, wanda ke barin jan datti a kan fulogi ya kuma lalata na'urar tace hayaƙi. Tarihi ma ya nuna inda irin wannan hanya ke kaiwa: a 1921 Thomas Midgley na kamfanin General Motors ya gano cewa sinadarin dalma yana kashe ƙwanƙwasa, aka yi ta zuba shi a fetur shekara da shekaru yana shiga jinin mutane, sai a 2021 Aljeriya, ƙasa ta ƙarshe, ta daina sayar da shi ga motoci.

Abubuwa biyu a gurguje. Etanol, wato barasar da ake samu daga tsirrai, lambarsa ta haura 100 a RON, shi ya sa ake garwaya shi don ɗaga lamba, amma zafin da yake bayarwa ya gaza na fetur da kusan kashi ɗaya cikin uku. Fetur mai kashi 10 na etanol, E10, yana rage nisan tafiya da wajen kashi 3 cikin ɗari, E85 kuma, mai etanol har kashi 85, sai motar da aka ƙera dominsa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka lamba daban, ƙarfi daban. Sai tudu: a wurare masu tsayi iska ba ta da kauri, matsi a silinda yana raguwa, shi ya sa a jihohin duwatsu na Amurka irin su Kolorado ake sayar da 85. An yi wannan ne a zamanin kafireto. Injin turbo yana cike giɓin iskar da kansa, don haka kada ka sauka ƙasa da abin da littafi ya ce don kana kan dutse, balle in za ka gangaro da sauran man a tanki.

Ga masu karatu da tasu ta dizal ce, duk wannan bai shafe ku ba. Dizal ana so ne ya kama da kansa da zarar an fesa shi, ma'auninsa siten, kuma a Turai mafi ƙaranci 51 ne. Ku dai kiyayi kuskuren famfo, fetur a injin dizal na zamani yana kashe famfon mai da nozul cikin ɗan lokaci.

In bayan duk wannan zuciyarka ba ta kwanta ba, gani ya kori ji. Cika tanki da ƙaramar lamba, ka rubuta kilomita, ka yi aikinka na kullum, ka sake cikawa ka raba kilomita da litocin da ta sha. Yi haka tanki uku a jere, sannan uku da babbar lamba, hanya iri ɗaya, lodi iri ɗaya, iskar taya daidai. Kada ka ƙirga tankin farko bayan canji, don akwai ragowar tsohon kuma kwamfuta tana ɗaukar lokaci kafin ta saba. In babbar ta fi tsada da kashi 15 cikin ɗari amma nisan da ta ƙara maka kashi 3 ne, lissafi ya ba ka amsa. Ka turo mini sunan motar da shekararta da girman injin, da abin da aka rubuta a bayan murfin tanki, in gaya maka rukunin da ta faɗa.